HAT ko USB, Raspberry ko Orange Pi: ka duba direba kafin ka biya kuɗi

Abin da ya fi cinye kuɗin mutane a harkar ƙananan kwamfutocin nan irinsu Raspberry Pi da Orange Pi ba kwamfutar kanta bace, kayan da ake ɗora mata ne. Mutum zai yi oda daga AliExpress ya yi ta jira makonni, kaya su iso, ya dasa a kan ƙafafun allon, wato jerin ƴan ƙarafan nan da ke tsaye a jikin kwamfutar, ya ga komai ya zauna daram, ƴar fitila ma ta kama, amma Linux ya yi kamar bai san an saka komai ba. Kuma kaga mu nan mayar da kaya China ba abu bane mai yiwuwa, kuɗin aikawa kaɗai ya fi kuɗin kayan. To shi yasa nake ganin gara a yi wannan lissafin tun kafin a danna biya.

Zaɓin gida biyu ne kuma a haɗe suke. Na farko, kayan da zaka ƙara ɗin ya zama mai hawa kan ƙafafu 40 ɗin nan, wanda ƴan Raspberry ke kira HAT, ko kuwa mai shiga ta USB. Na biyu, allon kansa, Raspberry mai tsada ko su Orange Pi masu sauƙin kuɗi. Amsar ɗaya tana canza ta ɗaya.

Bari mu fara da abin da ya raba USB da ƙafafun, don duk rigimar daga nan ta samo asali. Kayan USB kamar baƙo ne mai sallama, yana shigowa zai faɗi sunansa da gidan da ya fito, wato lambobi biyu na kamfani da na kaya, in ka rubuta lsusb zaka gansu, misali 1a86:7523 shine aisin (IC, wato chip) CH340 ɗin nan da ke cikin Arduino na China. Kanel, wato zuciyar Linux mai magana da kayan aiki, ya ji lambar sai ya duba wane direba, wato manhajar da ke sarrafa kayan, ne ya ce ya san ta, ya ɗora shi, shikenan. Shi kuwa mai hawa ƙafafu, ko ta I2C yake magana ko SPI ko I2S, waɗanda hanyoyi ne na magana ta ƙafafun, shiru yake zuwa ya zauna a zaure, in ba wani ya gabatar da shi ba har abada mai gida bai san da zuwansa ba. Wannan gabatarwar ita ce device tree, wani fayil ne da ke gayawa kanel cewa a kan layi kaza, a adireshi kaza, akwai aisi kaza, ƙafar da yake taɓo ka da ita in yana da magana ita ce kaza. A ciki akwai layin da ake kira compatible, misali maxim,ds3231, da shi kanel ke haɗa aisi da direbansa. Ƙananan fayilolin da ake ɗorawa a kai domin kayan ƙari su ake kira overlay.

Raspberry sun fito da tsarin HAT a 2014 lokacin da suka saki B+ mai ƙafafu 40, kuma dabarar da suka yi ita ce duk HAT na gaskiya yana ɗauke da ɗan ƙaramin aisin ajiyar bayani, EEPROM, a kan ƙafa ta 27 da ta 28, allon na tashi firmware ɗinsa, wato manhajar da ke tayar da shi kafin Linux, zai karanta, ya san sunan kayan da overlay ɗin da yake buƙata. In kana son tabbatarwa ka duba /proc/device-tree/hat/product. Amma fa abu biyu. Ɗaya, da yawan abin da ake sayarwa da sunan HAT babu EEPROM ɗin ko kuma fanko ne, siffa kawai suka ara. Biyu, kuma wannan shine wanda masu talla basa faɗa, firmware ɗin Raspberry ne ke karatun. Ka ɗauki HAT ɗin nan ka ɗora a kan Orange Pi PC wanda shima ƙafafu 40 gare shi, zai zauna, wuta 5V da 3.3V da ƙasa duk suna inda suke, amma babu mai karanta EEPROM ɗin, kuma overlay ɗin da aka rubuta domin aisin Broadcom na Raspberry ba zai yi aiki a kan Allwinner H3 na Orange Pi PC ba tunda sunayen ƙafafun ma daban ne, can GPIO2 nan PA12. Don haka in ka ga an rubuta wai ƙafafunsa sun dace da na Raspberry, ka fahimce shi a matsayin ramin ya dace, ba direba ba. Wasu ma ramin bai dace ba, Orange Pi Zero 3 da Orange Pi 5 ƙafafu 26 ne dasu.

A cikin kanel kansa kowane direba yana da sharaɗin da aka rubuta masa a fayil ɗin Kconfig, layin depends on, kuma wallahi in ka koyi leƙa wannan layin ka huta da rabin wahala. Wani direban sharaɗinsa I2C kawai, to wannan duk allon da ke da I2C zai ɗauke shi. Wani kuma an rubuta masa RASPBERRYPI_FIRMWARE, ma'ana ba da kayan yake magana kai tsaye ba, sai ya bi ta firmware ɗin Raspberry, to wannan ko ka kwana kana haɗa kanel ba zai yi a wani allo ba. Masu kula da kanel suna saka irin wannan sharaɗin ne da gangan don kada a riƙa tambayar mai haɗa kanel na laftop ko yana son direban abin da ba zai taɓa iya sakawa ba. Sau da yawa zaka ga an ƙara COMPILE_TEST a gefe, kar ya ruɗe ka, wannan na masu gwada ko lambar tana haɗuwa ne kawai, ba alkawarin zai yi aiki bane. Sannan akwai kaso na uku mafi ciwon kai, direban da baya cikin kanel ɗin Linux na asali gaba ɗaya, yana wani shafin GitHub na mai sayarwa.

Mu ɗauki abu guda mu duba shi da kyau. A ce kana son haɗa na'urar da zata riƙa kunna kiran sallah ko karatu a kan lokaci a masallacin unguwa ko islamiyya, aiki ne da mutane da yawa ke yi da Raspberry. Abu na farko da zaka ci karo da shi shine Pi 3 da Pi 4 da Zero basu da agogon da ke ci gaba da tafiya in an ɗauke wuta, daga intanet suke karɓar lokaci, in babu intanet sai su ci gaba daga lokacin ƙarshe da suka ajiye. A garin da NEPA ke ɗaukewa sau da yawa a rana kaga za'a kira azahar da la'asar kenan. Maganin shine ɗan agogo mai batir, kuma a kasuwa guda biyu zaka fi gani, DS1307 da DS3231. Ni DS3231 zan ce ka ɗauka ba tare da dogon tunani ba. DS1307 ɗan 5V ne alhali ƙafafun Pi 3.3V suke ɗauka, kuma yawancin ƙananan allunansa suna jan layin I2C zuwa 5V ɗin, ga shi lokacinsa yana zamewa in zafi ya canza. DS3231 yana aiki da 3.3V kuma yana auna zafi yana gyara kansa, kamfanin ya ce kuskurensa bai wuce kashi 2 cikin miliyan ba tsakanin digiri 0 zuwa 40, wajen minti ɗaya kenan a shekara, in an haura 40 kamar Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu ya ɗan ƙaru amma ba abin damuwa bane.

Direbansu ɗaya ne, rtc-ds1307, yana cikin kanel na asali tun da daɗewa, sharaɗinsa I2C. A Raspberry layi biyu zaka ƙara a config.txt, dtparam=i2c_arm=on da dtoverlay=i2c-rtc,ds3231, ka sake tayar da allon. Fayil ɗin da yana /boot ne, daga Raspberry Pi OS Bookworm na 2023 ya koma /boot/firmware, in kana bin tsohon darasi a YouTube nan ne zaka fara ɓata. Ka rubuta i2cdetect -y 1, in ka ga 68 aisin yana nan amma direba bai kama shi ba, in ka ga UU a wurin to ya kama. A Orange Pi mai H3 da Armbian, wani tsarin Linux na irin waɗannan alluna, kuwa zaka buɗe armbianEnv.txt ka saka overlays=i2c0, wannan layin I2C ɗin kawai ya buɗe, agogon kansa sai ka rubuta masa ɗan overlay naka ka saka da armbian-add-overlay, ko ka tura ds3231 0x68 cikin fayil ɗin new_device na layin duk lokacin da allon ya tashi. Sannan H3 yana da nasa agogon a ciki wanda zai riga ya zama rtc0, naka ya zama rtc1, sai ka nunawa hwclock wanne zai karanta. Yana yi lafiya lau, amma abin da ya ɗauki minti biyar a can zai iya cin yammacinka a nan. Wani abu kuma a gefe, shuɗin allon DS3231 ɗin nan mai arha yana da hanyar cajin batir, in ka bashi 5V da CR2032 wanda ba'a caji a ciki batirin na iya kumbura, ka bashi 3.3V ko ka cire ɗan resista ɗin cajin. Pi 5 shi ya zo da agogonsa, batir kawai zaka saya masa.

Sai sauti. HAT na sauti masu aisin PCM5102A suna da kyau sosai, a Raspberry dtoverlay=hifiberry-dac ya wadatar, amma ta I2S suke bi, ƙafa ta 12 da 35 da 40, kuma a sauran alluna ba lallai I2S ya faɗo a waɗannan ƙafafun ba, in bai faɗo ba babu overlay ɗin da zai cece ka sai dai ka ja waya da hannu. Ko a Raspberry ɗin ma ƙafa ta 12 ita ce GPIO18 da masu fitilun WS2812 ke so, ba zasu zauna tare ba. Ɗan katin sauti na USB kuwa direbansa snd-usb-audio ne, ɗaya ne a ko'ina, daga Pi Zero har laftop ɗinka. Lasifikar masallaci ba zata nuna maka bambancin su ba. Kuma Pi 5 ma bashi da ramin iyafis ɗin kwata-kwata, don haka in ba ta HDMI ko Bluetooth zaka bi ba, dole ka zaɓi HAT ko katin USB.

Wanda ke ɗaure da Raspberry ɗaurin gaske misalinsa PoE HAT, wanda ke ba allon wuta ta wayar netwok, ya fito a 2018 tare da 3B+. Bayan ƙafafu 40 yana buƙatar wasu guda 4 na daban, kuma fankar da ke kansa firmware ne ke juya ta, direban pwm-raspberrypi-poe roƙon firmware kawai yake. A Pi 5 ma an matsar da ƙafafu 4 ɗin wani wuri, tsohon baya shiga. Sense HAT na 2015, wanda aka kai tashar sararin samaniya a shirin Astro Pi, shi rabi da rabi ne, na'urorin auna zafi da danshi da matsin iska na kansa aisin ST ne na gama-gari masu I2C, ko'ina zaka iya karanta su, amma fitilu 64 ɗin direbansu na cikin kanel ɗin Raspberry ne.

Inda na fi jin tausayin mutane shine sikirin. Ƙaramin nan mai inci 3.5 da ke hawa ƙafafu, yawanci ILI9486 ne da XPT2046 na taɓawa, ta SPI yake bi, arha gare shi kuma a hoto yana da kyau. Matsalar ita ce da yawansu suna zuwa ne da wani sikirif da zaka sauko da shi ka gudanar, shi kuma ya murƙushe config.txt ɗinka ya saka nasa, wani ma ya ce sai dai ka sauko da nasu tsarin gaba ɗaya mai tsohon kanel wanda in ka sabunta sikirin ya koma fari fat. Da yawa sun dogara da fbcp, wata dabara da ke kwafo hoto ta hanyar DispmanX, to DispmanX ɗin an bar shi da aka koma sabon tsarin nuna hoto na KMS, a Pi 5 babu shi sam. Ana iya tayar da wasunsu da direbobin cikin kanel amma sai ka san ainihin aisin, kuma SPI bashi da saurin da zai nuna bidiyo da daɗi. Na Raspberry na asali mai inci 7 na 2015 da Touch Display 2 na 2024 ta ramin faffaɗar waya na DSI suke bi, a Raspberry sumul, a wani allo kuwa sai in masu allon sun rubuta masa tallafi. Sikirin mai HDMI wanda taɓawarsa ke bi ta USB shine wanda baya tambayar sunan allonka, ya ɗan fi tsada ya fi cin wuta, wayoyi kuma suna leƙowa ta gefe, amma ni shi zan saya. Kyamara ma haka lissafin yake a taƙaice, mai faffaɗar waya ta CSI irinsu IMX219 da IMX708 hotonta ya fi kyau amma tana buƙatar direban sensa da libcamera da allon da ya san ta, Pi 5 har wayar ma siririya yake so, ita kuwa webkam mai UVC ko'ina ka soka ta uvcvideo zai ɗauka.

Kar kuma a ce na ce duk abin da ke da USB lafiya ne. Sallamar da yake yi bata da amfani in kanel bai san sunan ba, kuma a nan ƴan sandunan Wi-Fi suka yi suna. TP-Link TL-WN722N shine misalin da kowa ya sani, na farko v1 aisin Atheros AR9271 ne, direbansa ath9k_htc na cikin kanel, v2 da v3 kuwa Realtek RTL8188EUS ne a cikin kwali kusan iri ɗaya da suna ɗaya. Masu RTL8812AU sun shafe shekaru sai an sauko da direba daga waje an haɗa da DKMS, manhajar da ke sake haɗa direba in an canza kanel, duk sabunta kanel sai gabanka ya faɗi, sai a kanel na baya-bayan nan ne rtw88 ya fara ɗaukarsu. Masu MediaTek irinsu MT7612U sun daɗe a ciki. Kuma haɗa direban waje yana buƙatar fayilolin da ake kira headers na daidai kanel ɗin da kake kai, a Raspberry Pi OS da Armbian akwai su, a wasu tsarukan da masu allo ke bayarwa sai ka yi ta nema. Don haka in kana gaban mai shago a Farm Centre ko Computer Village, sunan aisi zaka tambaya, in bai sani ba ka soka a laftop mai Linux ka karanta lsusb. Sannan wuta, Pi 4 yana ba duk ramukan USB ɗinsa 1.2A a haɗe, Pi 5 kuwa 600mA kawai in cajarka 3A ce, sai da tasu mai 5A yake sakin 1.6A. Modem na 4G in ya ja wuta ya tsinke zaka rantse direba ne, alhali caja ce.

Tunda an zo kan modem, HAT ɗin 4G mai SIM7600 da ake yayi, ka lura da kyau zaka ga akwai ƴar wayar USB da ke tafiya daga shi zuwa allon. Ainihin data ta nan take bi, da direbobin option da qmi_wwan na cikin kanel, ƙafafun wuta ce da UART. Ma'ana hular ado ce kawai, zai yi a Orange Pi, kuma in ba GPS ko kiran waya ko tura SMS da umarnin AT kake so ba, tsohon Huawei E3372 mai HiLink da ke fitowa kamar katin netwok zai biya maka buƙata.

Tsakanin Pi 4 da Pi 5 ma akwai magana. Pi 5 ya fito a Oktoban 2023, mai 4GB dala 60 a lokacin, kuma ƙafafunsa ba babban aisin ke riƙe dasu ba, wani ne daban mai suna RP1. Yawancin abin da ke bi ta direban kanel bai ji komai ba. Amma duk manhajar da ke zagaye kanel tana taɓa rajistar Broadcom kai tsaye ta tsaya, RPi.GPIO da dubban darussa suka dogara da ita tana ciki, sai an koma gpiozero ko rpi-lgpio. To in HAT ɗin da kake so abin da ya zo da shi laburaren Python ne na shekarun baya wanda ba'a taɓa shi ba tun kafin 2023, Pi 4 ya fi maka kwanciyar hankali duk da Pi 5 ya fi shi gudu.

Su Orange Pi fa, ba wai basu da kyau bane, ƙarfin da RK3588S na Orange Pi 5 ke bayarwa a kuɗinsa ba wasa bane. Abin da zaka sani shine sau da yawa kanel biyu ne a gabanka, na kamfani wanda ya fara da 5.10, komai na jikin allon yana aiki amma tsoho ne, da na asali sabo wanda ya san sababbin kayan USB amma wani ɓangaren allon bai gama samun tallafi ba. Tsofaffin aisi irin H3 sun fi zama lafiya a kanel na asali saboda an daɗe ana aiki a kansu. BeagleBone Black na 2013 shima yana da irin tsarin EEPROM a kayansa da ake kira cape, U-Boot ke karantawa, kuma yana da ADC, wato abin auna ƙarfin wuta, a jikinsa mai ɗaukar 1.8V wanda Raspberry bashi da shi, mai son auna batirin sola zai so wannan, sai dai samunsa da kayansa a nan ya fi wuya, ADS1115 a kan I2C ya toshe wannan gibin a kowane allo.

In aikinka ya dogara da wani takamaiman HAT, ko sikirin DSI, ko kyamarar CSI, ko kuma yanzu ka fara, ka sayi Raspberry ka huta, bambancin kuɗin bai kai darajar kwanakin da zaka ɓata ba, kuma kafin ka biya ka buɗe README na cikin /boot/firmware/overlays ka ga ko sunan aisin yana ciki. In aikin sabar gida ce ko rauta ko wani abu da duk kayansa USB ne da ɗan agogo ko sensa ɗaya ta I2C, Orange Pi da Armbian sun isa, sai ka sayi ƙananan alluna masu wayoyi huɗu maimakon HAT tunda dama da hannu zaka haɗa. In kuma na'urar zaka kai wani ƙauye ne ka barta shekara biyu ba mai taɓa ta, to kowane allo ka ɗauka, duk kayan da shafin tallansa ya ce sai ka sauko da tsarinsu na musamman ko ka gudanar da sikirif ɗinsu ka barshi, ka nemi wanda in ka rubuta modinfo da sunan direbansa a allonka zai amsa.